Wutsiyar Jirgin Surukata

Duk garin Edina babu wanda ya raɗa mini suna Injiniya. Ni na raɗa wa kaina, ranar da na sauko daga babban jirgin dakon kaya da na yi shekaru ina aiki a cikinsa. Na dawo da farar rigar aiki mai haɗe da wando, da hula mai baki, da wani baƙin tabarau da ba na ganin komai a cikinsa sai duhu. Aikin da na yi a jirgin ba ɓoyayye ba ne, wankin tukwane nake yi a ɗakin girki. Amma bango ɗaya ne ya raba ɗakin girkin da ɗakin inji, kuma mutumin da ya daɗe yana jin kukan inji ta bango ai ba za a ce bai san komai ba. Haka nake gaya wa masunta a bakin gada. Su ce, "Gaskiyarka, Ekow," sannan su juya mini baya kafaɗunsu suna rawa.

Matata Esi Tawiah kaɗai ke kirana Injiniya ba tare da na roƙa ba, ita ma sai in akwai kwano a hannunta.

"Injiniya, zo ka ɗauraye mini wannan, tunda fanninka ne."

Mahaifiyarta, Maame Araba, babbar mai ƙyafa kifi ce a unguwarmu, kuma ita ce mai jirgin kamun kifin nan da ake kira Adom. Jirgin katako ne mai inji a ciki, mijinta ya mutu ya bar mata, ya kuma girmi matata. Gidaje da yawa daga cikinsa suke ci, har da nawa. Tun da na auri 'yarta, Maame ba ta taɓa neman shawarata a kan komai ba. Ko hadari ya haɗu ta ce "ko za a yi ruwa?", in na buɗe baki sai ta juya ta tambayi wani.

Ana gab da shiga lokacin kifi aka jawo Adom tudu don a duba cikinsa. Sai aka tarar wutsiyarsa ta mutu. Wutsiya ita ce faffaɗan ƙarfen nan da ke cikin ruwa a bayan farfela, wanda in ka murɗa sitiyari shi ke juya jirgi. Ta baƙin ƙarfe ce, ta yi zamani, tsatsa ta cinye ta har kana iya leƙen mutum ta cikinta.

Mai tuƙa jirgin, Bosun Kobina Ata, ƙato ne mai tumbi, da murya kamar ana mirgina ganga. A ranar aka aiko masa kawunsa ya rasu a wani ƙauye can gaba da Axim. Yana saɓa jaka yana cewa, "Maame, a kai wa maƙeri ya yi wata irinta sak. Baƙin ƙarfe. A ɗaura mata sabon dunƙulen ƙarfen tutiya. Kada a canza komai." Ya hau mota ya tafi. Kowa kuwa ya san jana'izar mutanen can ba ta ƙarewa da wuri.

Na kalli wutsiyar nan, na kalli ƙurar motar Bosun, na ji zuciyata ta yi fari.

Da yamma na sa farar rigata na sami Maame a bakin murhunta, hayaƙi ya rufe ta.

"Maame, barka da aiki."

"Esi tana ciki."

"Wurinki na zo. Maganar wutsiya ce. A Turai fa an daina baƙin ƙarfe."

"Ka je Turai ne?"

"Na gan ta ta taga."

Ta ci gaba da juya kifinta. Sai na jefa abin da na san zai kama. Akwai wata Anti Mansa, ita ma mai jirgi, wadda suke takun saƙa da Maame tun suna 'yan mata. In ɗaya ta ɗinka atamfa, ɗayar sai ta ɗinka leshi. A coci ma kowacce gefenta daban.

Na ce, "Ba komai. A kai wa maƙerin. Ai shi ya yi wa Anti Mansa tata bara. Sai ku zama iri ɗaya, har a ce ke kika kwaikwaye ta."

Hannun Maame ya tsaya a kan kifi.

"Kai wace iri za ka yi?"

"Wadda ba ta tsatsa har abada. Wadda in jirgi ya wuce, za a ga haskenta daga kan gada."

Ta harare ni ta cikin hayaƙi. "In ka ɓata mini jirgi, Ekow, a murhun nan zan shanya ka."

Washegari na tafi Takoradi wurin masu gwangwan. Na yi ta yawo cikin tarkace har na ci karo da ƙofar wata motar ƙanƙara da ta mutu, alminiyam zalla, mai kauri, fari tas. Nan ilimina ya motsa. Duk tukwanen da na wanke a jirgi na alminiyam ne, kuma ban taɓa ganin ɗaya ta yi tsatsa ba. Me ya hana duk masuntan ƙasar nan su gane wannan? Rashin fita waje. Na saya. Na haɗa da ƙusoshi masu noti na tagulla, jawur kamar zinariya. A hanyar fita na hango wani dogon sili na jan ƙarfe, na ce wannan ya yi kyau a zagaye bakin wutsiyar da shi, kamar yadda tela ke yi wa riga ado.

A bakin ruwa na kafa aiki. Ma'aikatan Adom suka riƙe mini, masunta daga sauran jirage suka taru suka zauna a kan komarsu kamar masu kallon dambe.

"Ekow, jirgi kake gyarawa ko tukunya kake haɗawa?"

"Ka sa mata murfi mana!"

Ban kula su ba. Na yanka, na huda, na ɗaure sabuwar wutsiya a jikin tsohuwar sandar ƙarfe. A jikin tsohuwar wutsiyar akwai ragowar wani dunƙule toka-toka, duk ya zaizaye kamar ɓeraye sun kwana a kansa. Wannan ne tutiyar da Bosun ya ambata. Na ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Ku duba abin da kuke bauta wa! Duk jirgin nan babu abin da ya lalace kamarsa. Abin da bai iya kare kansa ba, shi zai kare wani?"

Na wurga shi kogi. Ya yi tsulum.

Wani daga cikin taron ya ce, "Za fa su ci juna, Ekow. Fari da ja a ruwan gishiri."

"Ƙarfe yana da haƙori ne? Buɗe masa baki in gani."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa na ɗauka ni ake mara wa baya.

Da aka mayar da Adom ruwa, kai, ko maƙiyina ya san na yi abin kallo. Wutsiyar tana walƙiya a ƙarƙashin ruwa, fari da ja da ruwan zinariya. Mata masu tallan kifi suna tsayawa a kan gada suna nunawa da baki. Ranar Lahadi Maame ta wuce Anti Mansa a ƙofar coci ba ta ko rage tafiya ba. Da aka zauna cin dokunu, tuwon masararmu, a gidanta, da hannunta ta ɗauko kan kifi, babban, ta sa a kwanona.

"Ci, surukina."

Na kusa yin kuka. Esi ta matso ta raɗa mini, "Ci a hankali, akwai ƙaya."

Bosun ya dawo daga jana'iza ya ƙara ƙiba. Bai ko je gida ba, ya biyo ta bakin ruwa. Ruwa ya janye a lokacin, rabin wutsiyar yana waje. Ya tsaya. Ya ajiye jakarsa. Ya durƙusa ya leƙa. Sannan ya saki wata ƙara da ta tayar da tsuntsaye daga kan kasuwar kifi.

"Wane ɗan asara ne ya yi wannan?"

Na gyara hulata. "Aikin injiniya ne."

"Ina tutiyar?"

"Na sallame ta. Ba ta da ƙoƙari."

Ya dafe kansa da hannu biyu. Maame ta iso, jama'a suka taru. Bosun ya juya gare ta yana nuna ruwa.

"Maame, ko yaron da aka yaye jiya a garin nan ya san ruwan gishiri yana haɗa ƙarafa faɗa. Babba ya ci ƙarami. Tagulla da jan ƙarfe su ne manya. Farfelarmu ma ta tagulla ce. Wannan farin nasa shi ne nama. Tutiya kuwa don a ci ta ake ɗaura ta, su ci ta su ƙyale sauran. Surukinki ya kulle kyanwa biyu a ɗaki da kwandon kifi, ya kuma kori mai kawo musu abinci!"

Na ce, "Maame, kin ji hassada ko? Kyanwa a ƙarƙashin ruwa."

Da a ce Bosun ya yi magana a hankali, wataƙila da ta saurare shi. Amma ya yi mata ihu a gaban mutane, ga kuma Anti Mansa can gefe ta yi kamar tana tayin ƙaguwa. Maame ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai da ka tafi binne mutum ɗaya ka dawo kamar ka cinye gadonsa, kai za ka koya mini jirgina? Wutsiya ta zauna."

Bosun ya ɗauki jakarsa. "To. Na faɗa, kowa ya ji." Kashegari ya shigo da wani dogon itace mai faffaɗan kai, ya kwantar a gefen jirgi. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce, "Na ranar da za ka san shi."

Ba a yi nisa ba wani farin gari ya fara tsirowa a gindin kowace ƙusa, kamar an yayyafa ƙullu. Ma'aikata suka kira ni.

Na ce, "Gumi ne. Sabon ƙarfe sai ya yi gumi kafin ya saba da ruwa."

Na tuɓe, na shiga ruwa da soson ƙarfe. A nan kam babu wanda zai gwada mini, na dirje ta har ta koma sabuwa. Sai dai inda garin ya tashi ya bar ƙananan ramuka, kamar fuskar wanda ya yi agana. Na shafa musu sabulu na fito.

Bayan 'yan makonni Bosun ya ce sitiyari ya fara wasa a hannunsa, sai ya murɗa rabi kafin jirgi ya ji. Na sake nutsewa. Ramukan ƙusoshin sun buɗe, ƙusa tana rawa a ciki kamar cokali a kofi. Abu mai sauƙi. Na yanko manyan faya-fayai na jan ƙarfe, na sa a ƙarƙashin kowane noti, na ɗaure tamau.

Bosun yana tsaye a sama yana kallona. "Me ka ƙara?"

"Jan ƙarfe."

"Madalla. Kyanwa ta uku."

Daga ranar ya ƙi kai jirgin nesa. Sauran jirage suna shiga can cikin teku suna dawowa shaƙe da kifi, Adom kuwa yana zagaye a inda ake hango gari. Abin da ake kamowa bai taka kara ya karya ba. Matan ma'aikata suka daina amsa gaisuwata. Rannan Esi ta ajiye mini garin rogo da barkono, babu ko jelar kifi.

"Ina kifin?"

"Yana can inda Bosun ke tsoron kai wutsiyarka." Ta zauna ta dube ni, ta kira ni da sunan 'yarmu. "Baban Aba, mutane suna kwana da yunwa. Ka je ka ce wa Maame a cire abin nan. Za ta zage ka, ta huce."

Na yi niyya, na rantse. Har na kama hanyar gidan Maame. Amma a ƙofa na tuna kan kifin nan, da kalmar "surukina". Da na shiga, abin da ya fito daga bakina daban.

"Maame, ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Amma kin lura da irin kallon da Anti Mansa ke yi wa jirgin nan?"

Maame ta ajiye maficinta. "Na sani! Tun rannan jikina ya ba ni."

Aka ɗauko wani mai addu'a daga bayan gari, mai farar riga har ƙasa da jar ɗamara, babu takalmi. Ya zo da mata masu waƙa. Suka zagaye bayan jirgin, aka yayyafa ruwa, aka yi ta tsawata wa maƙiya. A ƙarshe ya zaro wata ƙararrawa ta tagulla daga jakarsa, ya ce a ɗaure ta a jikin wutsiyar da wayar jan ƙarfe, duk mugun da ya matso zai ji ta ya gudu. Ni da kaina na shiga ruwa na ɗaure.

Bosun yana zaune a kan kwale-kwale yana cin gyaɗa. Ya ce, "Ku ƙara musu, bayin Allah. Ba su ƙoshi ba."

Sai bikin Bakatue ya ƙarato, ranar da jirage ke yin jerin gwano a kogi, mata su cika su da anko da waƙa, gari duka ya hau gada da bakin ruwa. Labari ya zo cewa Anti Mansa ta yi wa jirginta sabon fenti. Maame ta kira ni, ni kaɗai, ta ce, "Injiniya, me za mu yi?" Injiniya! Daga bakin Maame! A ranar ko cewa ta yi in sa wa jirgin fukafukai da na gwada.

Na zagaye Adom da ƙananan fitilu masu launi, na kafa lasifika a kan rumfa, na jona su da batir. Waya ɗaya ta rage tana lilo, ban san inda za ta ba. Na tuna na taɓa jin masu gyaran wuta a babban jirgi suna cewa a ɗaure waya a jikin ƙarfe. Ƙarfen da ya fi kusa shi ne sandar wutsiya. Na naɗe ta a nan. Fitilu suka kama. Don kada wani ya ce bai gani ba, na bar su a kunne tun ana sauran kwanaki, dare da rana, ina canza batir.

Ma'aikata suka ce, "Ekow, zo ka ga bayan jirgi." Wasu ƙananan kumfa ne ke tasowa daga wutsiyar, kamar tukunya ta kusa tafasa.

Na ce, "Numfashi take yi."

Da safiyar biki na sa aka sauke dogon itacen Bosun, don yana ɓata ado. Bosun ya dubi itacen a ƙasa, ya dubi kumfar, ya ce wa Maame kada ta ɗora mata a jirgin nan. Ta ce in ba zai tuƙa ba akwai mai tuƙawa. Ya cire hularsa ya rusuna mini.

"Bismillah, Injiniya."

Muka cika jirgi. Mata cikin anko, 'yan badujala da ƙahoninsu a gaba, Maame a kan kujera a tsakiya da ƙaton ɗaurin kai, ana riƙe mata laima. Esi ta zauna kusa da ni ta rungume wata jarka da babu komai a ciki.

"Wannan fa?"

"Ban iya iyo sosai ba."

Muka tashi. Na waiwaya na ga jirgin Anti Mansa yana biye da mu, ga kuma Bosun tsaye a gabansa da naɗin igiya a kafaɗa. Maame ta ce, "Maci amana!" Ni kuwa na jawo abin maganar lasifika.

"Jama'ar Edina! Ku buɗe ido ku ga aikin zamani! Wutsiyar da ba ta tsatsa, aikin Injiniya Ekow Bentum!"

Gada ta ɗauki sowa. Badujala ta kece. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar a wannan lokacin ba.

Kafin gada akwai kwana, sai an karya hagu. Na murɗa sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan ina ɗaga wa jama'a. Sai na ji wani ɗan sauti daga ƙasa, ƙwas, kamar an karya biskit. Ƙararrawar mai addu'a ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Sitiyarin ya yi sakayau a hannuna. Na murɗa, ya juya. Na ƙara, ya yi ta juyawa kamar fanka. Jirgi kuwa ya miƙe abinsa. Sai a lokacin na san dogon itacen Bosun: filafilin juya jirgi ne in wutsiya ta mutu, ga shi na bar shi a tudu.

Maame ta ce, "Ekow, gada tana can."

"Na gani, Maame. Fili nake ɗauka."

"Wane fili? Kasuwa ka nufa!"

"Dabara ce."

Esi ta leƙa baya ta ce, "Baban Aba, ga dabararka can tana nutsewa."

Abin da ban sani ba, lasifika tana kunne. Duk abin da muka faɗa, gari ya ji. Sowar gada ta canza launi.

Na ƙwala wa mai kula da inji ya kashe, amma yana can ƙasa, badujala ta toshe masa kunne. Na ga wani ƙarfe kusa da gwiwata, na ce wannan ne. Na ja. Inji ya yi gurnani, Adom ya ɗaga hanci ya zabura kamar an tsikare shi. Tun da aka ƙera jirgin nan bai taɓa gudu irin na ranar ba.

A gabanmu samari ne a kwale-kwale sun jeru za su yi tsere. Suka ga Adom ya nufo su da fitilu da kiɗa, suka watsar da filafilai suka faɗa ruwa kamar kwaɗi. Muka ratsa ta tsakiyarsu. Muka kwashe igiyar tutoci da aka ɗaura a kan ruwa, ta naɗe mai laima. Mata suka bar waƙar biki suka koma kiran sunan Yesu. 'Yan badujala kuwa, da yake sun ba gaba baya, suna ta busa abinsu. Ni ma ban daina murɗa sitiyari ba, don ban san me zan yi da hannuna ba. Har na ɗaga wa jama'a hannu sau ɗaya.

Allah ya taimake mu taɓo ne a gaban kasuwar kifi, ba dutse ba. Adom ya shige shi har wuya ya tsaya cak. Mu ne ba mu tsaya ba. 'Yan badujala suka zube a kan juna. Mai babban ƙaho ya tashi sama shi da ƙahonsa, ya sauka a taɓo da ka, ƙafafunsa suna harbin iska. Kujerar Maame ta zame har gaban jirgi da ita a kai, ɗaurin kanta ya wuce gaba shi kaɗai ya faɗa ruwa, ya kama hanyar teku. Ni na tsinci kaina a zaune a cikin gangar badujala.

Aka ƙirga mutane, babu wanda ya karye. Da gari ya tabbatar da haka, sai dariya ta ɓarke. Wasu a kan gada har zama suka yi.

Jirgin Anti Mansa ya matso a hankali. Tana tsaye cikin leshi, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ta sa hannu a ƙirji.

"Ayya, 'yar'uwa! Sannu. In ja ki?"

Maame ta dubi taɓo, ta dubi gada, ta dubi matan da ta ɗauko suna rawar jiki. Sannan ta ce:

"Ja."

Bosun ya wurgo igiya. Ta baya aka ɗaure mu, ta baya aka ja mu, muka bi ta ƙarƙashin gada da gindi, fitiluna suna ta ƙyaftawa. 'Yan badujala suka tattara abin da ya rage na ƙahoninsu, kuma ban san wanda ya ba su shawara ba, suka kama taken da ake raka gawa da shi. Bosun ya haɗa hannu a baki ya ƙwala mini, "Riƙe sitiyari da kyau, Injiniya, kada mu ɓata!"

Maame ta taso ta tsaya a kaina. Ta ɗauki abin maganar. Na ce, "Maame, a kunne yake." Ta ce, "Na sani." Abin da ta faɗa a kaina da dangina, tun daga kakana har akuyar gidanmu, mutanen da ke can bakin teku ma sun ce sun ji shi sarai.

Washegari da ruwa ya janye aka tsamo abin da ya rage. Ƙusoshin tagulla suna nan garau, jan ƙarfe yana ta ƙyalli, ƙararrawa ko ƙwarzane babu. Farin ƙarfena kuwa ya zama rariya. Bosun ya sa yatsa biyu ya ɓantaro gefe, ya murtsuke, ya zama gari. Maame ta yanke hukunci: ni zan ɗauki gawar a kaina, cikin farar rigata da hulata, in bi ta tsakiyar kasuwa in kai wa maƙeri ya auna tsawo, ya yi ta baƙin ƙarfe da tutiyarta. Ta haɗa ni da Esi don kada in bi ta lungu.

Na bi ta kasuwa. Ba zan maimaita abin da masu kifi suka ce ba, amma wata ta tambaye ni ko ina sayar da abin tankaɗen.

A ƙofar maƙera muka tarar da wani baƙo yana jira, masunci daga Moree, bai san kowa ba. Ya ga farar riga, ya ga hula da tabarau, ya miƙe tsaye da ladabi.

"Ranka ya daɗe, kai injiniya ne? Wutsiyar jirgina ce ta tsufa, ina neman wanda ya san ƙarafa ya ba ni shawara."

Na sauke kayana a hankali, na jingine su ta yadda jikina zai kare ramukan. Na gyara hula.

"Bawan Allah, ka zo inda ya dace. Duk garin nan babu wanda ya ga abin da na gani a harkar wutsiya."

Esi ta matsa gabana ta dubi mutumin.

"Ɗan'uwa, jirgin nan naka ne na kanka?"

"Nawa ne, shi kaɗai gare ni."

"Kana da 'ya'ya?"

"Ina da su."

"To, gudu."